Damin Dawar Malamin Gozaki

Ko tsufa ya sa na fara mantuwa, ranar ƙarshe ta bitar da aka yi mana a Funtuwa ba za ta fita raina ba. An tara mu malaman sakandare, wai za a koya mana koyar da inshora. Wanda ya ci gwajin koyarwa a ba shi takarda ya zauna a makarantarsa, wanda ya faɗi kuwa sai inda aka jefa shi.

Cikinmu akwai wani dattijo daga Gozaki, malamin keken rubutu. An soke darasinsa, saura shekara uku ya yi ritaya, ga matarsa kwance ba lafiya. Takardar nan kaɗai za ta bar shi kusa da ita.

Da aka kira shi, ko littafin bitar bai buɗe ba. Ya ce, "Yara, a unguwar Maguzawan da ke bayan gonata, in an yi girbi kowane gida na kai damin dawa ɗaya rumbun gari. Ba wanda ya san gidan da gobara za ta faɗa. Wanda rumbunsa ya ƙone, a ɗebar masa. Wanda bai kai dami ba, ko zangarniya ba zai gani ba." Wallahi sai lokacin na fahimci abin da aka kwana biyar ana karanto mana.

Mai horas da mu, wani matashi mai kwat da aka turo daga birni, sai ya kwashe da dariya. "Baba, inshora muka ce, ba tatsuniya ba. Ina misalin motar da ke cikin littafi?"

"Ranka ya daɗe, ɗalibaina ba wanda ubansa ke da mota."

"To sai ka je ka koyar a rumbu."

Kai jama'a! Yaron da bai kai ɗan cikinsa ba! Raina ya ɓaci. Amma ni ne na gaba a layi, sai na haɗiye. Na tashi na zuba misalin mota kamar aku, aka tafa mini, na karɓi takardata.

Shi kuwa aka tura shi wani ƙauye can bayan Musawa. Yana can matarsa ta cika, kafin ya iso a babur an riga an kai ta.

Bayan shekaru na gamu da shi a kasuwar Malumfashi. Na ce, "Malam, har yau da daminka nake koyarwa, nan take yara ke ganewa."

Ya dube ni. "Ashe ka gane tun ranar?"

"Na gane, Malam."

"To me ya hana ka faɗa?"

Har gobe ina jin haushin matashin nan, amma haushin kaina ya fi. Ranar na koyi cewa in ana wulaƙanta mai gaskiya a gabanka, a wurin za ka buɗe baki. Yabon da ka ɓoye sai bayan shekaru ba abin da zai mayar masa.