Na Janye Ƙarata a Kan Hon ɗin Yaya

Ina sanar da maƙwabta, da 'yan majalisarmu ta ƙofar shagon tela, cewa na janye ƙarar da na daɗe ina yi a kan hon ɗin tirelar yayana. Wanda ake ƙara ba zai samu halartar zama ba. Allah Ya yi masa rasuwa ranar Talata, sha ɗaya ga watan Sha'aban, a cikin motarsa, a layin bakin iyaka. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Yaya, duk Alhamis da la'asar, in ka ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa, ta titin bayan gidana kake wucewa. Sai ka danna, dogo biyu, gajere ɗaya. Tagogi su ɗau rawa, kaji su watse, layin da nake karantawa ya ɓace mini. Inna, mahaifiyarmu, tana zaune a wurina, kunnenta ya yi nauyi. Waya kuwa, Inna ta ce murya ce a gwangwani. Hon ɗinka kaɗai ke isa gare ta. Sai ta ce, "Ya wuce lafiya." Na san haka sarai, amma ban fasa mita ba.

Ba ka taɓa jin haushina ba. Ranar da na tashi gida, kai ka kwashe littattafaina. Ruwa ya tare mu a hanya, ka lulluɓe su da tamfol, kai ka jiƙe sharkaf. Ka ce, "Farfesa, kayanka sun fi siminti nauyi, ga shi ko katanga ba sa yi." Direbobi sun shaida ba ka wuce motar da ta lalace a daji, kuma kakan ba mai ɗauke da tumatir wurinka a layi, kai ka koma baya.

Sai ƙasarmu ta fice daga ƙungiyar kasuwancin da muke ciki da ƙasashe maƙwabta. A da takarda ɗaya ce da hatimi ɗaya, kafin shayi ya huce ka tsallake iyaka. Yanzu kowace kwantena sai 'yan kwastan sun buɗe, kowane buhu sai an duba, motoci su yi kwana da kwanaki a jere. 'Yan kasuwa suka mai da kayansu wata tashar, hanya ta zagaye, ta yi nisa da garinmu. A majalisa wasu na cewa 'yanci ne, wasu na cewa asara ce. Ni da na karanta hujjojin kowane ɓangare na ce riba ɗaya tak na tabbatar: unguwarmu ta huta da hon. Aka yi dariya har tela ya soke yatsa.

Bayan nan ka kira ni. "Farfesa, in ka taso aiki ranar Alhamis, ka danna wa Inna da 'yar motarka. Dogo biyu, gajere ɗaya."

Na ce, "Haba Yaya, da furfurata, gaban ɗalibaina, in koma kwandasta?"

Ka yi dariya, ka ce to shi ke nan. Ni ma na ɗauka shi ke nan.

Ka'idar layin iyaka ita ce duk wanda layi ya motsa ba ya cikin motarsa, ƙarshe zai koma. Taki ka ɗauko, ga damina a bakin ƙofa, manoma na jira. Maganin hawan jininka ya ƙare, abokan aikinka suka ce ka shiga gari ka saya, ka ce bari dai a tsallake. Da layi ya motsa, motarka ba ta motsa ba. Na bayanka suka yi ta danna maka hon. Ɗayansu ya ce mini nan ya san ba lafiya, don ba a taɓa yi maka hon ka ƙi ramawa ba.

Da mutane suka ragu a zaman makoki, Inna ta kira ni ɗakinta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ya gaya mini zai riƙa aiko ka da gaisuwa. Duk Alhamis nakan sa a kai mini tabarma bakin ƙofa. Na zaci hon ɗin motar taka ne ba shi da ƙarfi."



Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ka tsallake Siraɗi ba tare da jira ba. Allah Ya ba Inna, da matarka, da 'ya'yanka, da abokan tafiyarka haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen.

Na ce unguwa ta huta. Ban yi daidai ba. Alhamis ta zo ta wuce, babu wanda ya huta.