Marfin Idon Akwatina

Akwatin hotona na katako ne mai ƙafa uku, ba shi da maɓallin dannawa. Marfin idonsa shi ne aikin duka: in cire shi, in ƙirga uku a zuci, in mayar. In akwatin ya ɗan girgiza, hoto ya lalace. Shekaru na yi ina wannan sana'a a gindin itacen bedi, bakin kasuwar Filinge, kuma zamanin soja ne ta fi tafiya, don ba mai wuce shingen jandarma ba da katin shaida ba, kati kuwa sai da hoto.

Sai hotunana suka fara fitowa dishi-dishi. Na ce marfin ne, ya cika matsewa. Na jefar da na ƙarfen, na je wurin wani baduku abokina ya ɗinka mini na fata. Na mayar masa na ce ya yi santsi. Ya yi wani mai hanci na sa yatsa, na ce ya yi nauyi. Har huɗu ya yi mini, bawan Allah, kowanne da masifar da nake sauke masa. Daga nan na koma kan masu zuwa. Mutanen yankin nan na Kurfai ba su iya zama wuri ɗaya ba, haka nake faɗa musu a fuska.

Wata ranar kasuwa wata dattijuwa ta zo daga wajen Tabla. An aiko mata ɗanta na kwance a asibitin Yamai, jikin ya yi tsanani. Ba ta da kati. A ofis an ce ta kawo hoto kafin a tashi, a ba ta takardar wucewa, motar kuwa guda ce, da la'asar.

Na zaunar da ita, na cire marfi, na mayar, na wanke. Fuska biyu-biyu. Na sake, haka dai. Na canza marfi, na ɗaure mata fuska na ce ta daina kaɗa kai kamar mai bori, takardar hoto ba kyauta ake ba ni ba. Ta dafe gwiwoyinta, ko ƙiftawa ba ta yi, ƙuda na yawo a gefen idonta. Na uku ya fi na farko muni.

Na buɗe baki zan fara, ta riga ni, a hankali.

"Malam, wallahi ban motsa ba. Hannunka nika kallo tun ɗazu, shina rawa. Ko in kira wani shi cire maka?"

Kunya ta kama ni, sai ta zame mini fushi. Na ce ba mai taɓa mini akwati, na sa takarda ta huɗu.

Kafin ta biyar ta bushe an rufe ofis. Ina jin motar Yamai ta tashi, tana zaune kan bencina, ba ta ma sauke hannu daga gwiwa ba. Ban taɓa samun ƙarfin tambayar kowa labarin ɗan nata ba, har yau.