Takardar da Na Ƙi Sa wa Hannu a Nansha

Laraba: Daga gida

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na bar gida, a tasha na yi sallah. Mu uku ƙaramar hukumarmu ta tura birnin Guangzhou na ƙasar Sin: Daraktan ma'aikata Alhaji Sani, da ma'aji, sai ni wakilin ƙungiyar ma'aikata. An ce mu je mu ga yadda ake yi wa ma'aikatan birni inshorar lafiya, saboda tsari biyu ne a gabanmu. A na farko hukuma ce za ta biya kaso mafi tsoka, kuma ya haɗa da tiyata da iyali. A na biyu daga albashinmu za a yanki mafi yawa, maganinsa kuwa bai wuce na zazzaɓi ba.

Kafin mota ta tashi, Malam Audu mai kwasar shara ya riƙo hannuna. Shekara guda matarsa na jiran a yi mata aiki. Ya roƙe ni in buɗe ido da kyau.

Kilomita ɗari da arba'in zuwa Kano, shingen 'yan sanda shida. Jirgi ya tashi ƙarfe ɗaya da rabi, muka sauya wani a Addis Ababa.

Alhamis da Juma'a: Guangzhou da Shiling

Mun sauka huɗu na yamma. Tafintanmu Malam Isufu, mutumin Maraɗi da ya daɗe a garin, ya kai mu masauki a unguwar Xiaobei. Na ci taliyar naman sa a shagon Musulmi, yuwan ashirin a kuɗinsu.

Washegari na ɗauki littafi da biro ina jiran taro. Sai mota ta miƙa arewa da mu, tafiyar awa guda, ta tsaya a Shiling, kasuwar jakunkuna. Na tambayi Darakta yaushe za mu ga jami'an birni.

"Kwamared, ka kwantar da hankalinka, ana shiryawa," in ji shi, yana juya wata jakar mata.

Har la'asar yana ciniki, masu shago na ce masa laban, wato maigida. Ban ci abincin rana ba don takaici.

Asabar: Tianhe

Na titsiye Malam Isufu a kan maganar taro. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Malam, babu wanda ya ce mini in nemi wani ofis. Kasuwanni kawai aka rubuto mini."

Na roƙe shi ya raka ni. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, minti ashirin da biyar zuwa unguwar Tianhe. Ofisoshi a rufe, ranar hutu ce. A bakin titi muka tarar da wata dattijuwa mai shara tana cin abinci kusa da kurar shararta. Ta bakin Isufu na tambaye ta wa ke biya mata asibiti. Ta nuna mini katinta a waya, ta ce ana cirar kaɗan a albashinta, waɗanda suka ɗauke ta aiki su ƙara abin da ya fi nata. Bara an yi mata aikin gwiwa, ta ɗan cika daga aljihunta, ba ta sayar da komai ba. Ta buga gwiwar da tafin hannu tana dariya. Hirar minti goma ce, ita ce kuma duk binciken da muka yi a ƙasar Sin.

Litinin: Nansha

Kilomita saba'in kudu, tashar jiragen ruwa, inda Darakta ya je ganin kwantenar da za ta ɗauki kayansa. A cikin mota ya miƙo mini rahoton tafiya, an buga shi tsaf. Rahoton ya ce bayan ganawa da jami'ai, mun amince da tsari na biyu. Kwanan watan da ke kai na kafin tasowarmu ne. Ma'aji ya riga ya sa hannu.

"Ranka ya daɗe, da wa muka gana?"

Ya ce in daina taurin kai, kamfanin da ke da tsari na biyu shi ya biya tikitina da ɗakin da nake kwana. Sai a lokacin na sani. Na ajiye masa takardar a cinya, na ce in ya ga dama ya bar ni a nan bakin ruwa. Haka muka koma masauki ban sa hannu ba.

Laraba: Komawa

A jirgi kujerata na kusa da ta Darakta, awa goma ba mu kalli juna ba. Na isa gida Alhamis bayan Magariba. Da safe na tara ma'aikata a harabar sakatariya, na faɗa musu komai, har da wanda ya biya mini tikiti, don kunyar ta shafe ni. Suka ƙi tsari na biyu gaba ɗaya. Yanzu takardun na teburin Ciyaman ɗin ƙaramar hukuma, ni kuma an mayar da ni ofishin wani ƙauye, kilomita talatin a babur kullum.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Isufu da ya faɗa mini gaskiya alhali daga hannun Darakta yake karɓar ladansa. Sai dattijuwar Tianhe, wadda ita kaɗai ce a cikin rahoton da na rubuta da hannuna, kuma ko sunanta ban tambaya ba.