Shekarar da zoɓo ya kwana a ɗakin Baba

In ka taɓa shiga ɗakin da aka jibge buhunan busasshen zoɓo, ka san wannan tsamin da ke kama maƙogwaro tun kafin ka kai komai baki. Ni da shi na girma. Har yau in na shaƙe shi sai in gan ni tsugune a tsakar gidanmu, a wani ƙauye da ke bayan duwatsun Kwatarkwashi, yatsuna jawur, ƙaiƙayi na cin hannuwana.

Goggo ce mai zoɓo a gidanmu. Yayar Baba ce, ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, aka yanka mata 'yar gayauna a gefen gandu. Yakuwa take shukawa. Da damina mu ci ganyen a miya da fate, da kaka mu zauna ɓarar zoɓo, 'ya'yan kuma ta yi daddawa da su. Maza ba su ɗauke shi noma ba. In Baba ya wuce mu muna ɓara sai ya ce, "Sannunku da wasa."

Wata kaka na raka Goggo kasuwar Tsafe da ƙwarya biyu. Muna zaune sai ga wani baƙo, farar fata, da dillali a gefensa yana yi masa tafinta. Baƙon ya ɗauki zoɓo ɗaya ya jefa a baki, ya yamutsa fuska, sannan ya fashe da dariya. Dillalin ya ce a ƙasarsu, can bayan teku, ana neman wannan abu jirgi guda, kuma ko nawa muka kawo za a saya. Goggo ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Jirgi guda? Su ba su da ƙasar shuka ne?" Amma ranar ba mu koma gida da ko ƙwaya ba.

Daga nan abu ya canza. Motoci suka fara shigowa ƙauye da sikeli. Goggo ta sayi tinkiya, ta yi wa ɗakinta rufin kwano, ta ɗinka mini kayan makaranta na farko da ba gadon wani ba ne. Masu yi mata dariya suka dawo suna neman iri a wajenta. Baba ya daure shekara biyu, a ta uku ya raba gandu, fiye da rabi ya zuba zoɓo inda muka saba ganin gero. Goggo ta ce masa ya yi a hankali, ba a cin zoɓo da miya. Ya ce ai kuɗinsa zai sayi geron gona uku.

Allah ya ba da damina, zoɓo ya yi kyau har ana zuwa kallo. Muka ɓare, muka shanya a ƙasa kamar yadda muka saba, muka ɗura a tsofaffin buhunan hatsi. Sai muka zauna jiran mota. Ba ta zo ba. Kasuwa ta ci ta sake ci, shiru. Daga baya labari ya iso daga tasha cewa waccan ƙasar ta rufe ƙofa, wai sun ga ƙwaro a cikin kayan da aka kai musu daga nan.

Buhunan suka cika ɗakin Baba har ya koma kwana a zaure. Rumbu kuwa rabi ne. Inna ta fara rage tuwo tun sanyi bai wuce ba, ta riƙa cewa ita ta ƙoshi. Baba ya daina hira. Wata safiya na tarar da shi yana ɗaure ƙunshin tufafi da ƙaramar diga. Ramin haƙar zinare za shi, inda muka riga muka san mutum biyu daga ƙauyenmu da suka shiga ba su fito ba.

Goggo ta tsaya a bakin zaure, ta tare hanya da jikinta.

"Ni na goye ka," ta ce. "Aje digar nan. In ka shiga rami, wa za ka bar wa ɗiyan ga?"

"To mi za su ci, Yaya? Buhu?"

"Su ba za su ci ba. Matafiya za su sha."

A ranar ta ɗora babbar tukunyar biki. Ta dafa zoɓo da citta da kanumfari, muka tace, muka ɗura a robobin da ni da ƙannena muka wanke har hannuwanmu suka yi fari. Baba ne ya riƙa ɗaukar su a babur zuwa tashar Tsafe, ya sayi ƙanƙara a hanya. Da farko kunya ta sa yana rufe fuska da rawani. Magidanci da furfura yana tallar abin da ya kira wasa! Amma zafin bazara ba ya tambayar wa ke talla. Direbobi suka san shi, har suna tsayawa dominsa. Kullum da yamma yana dawowa da 'yar tiyar gero a bayan babur. Ba mu sayar da duka ba. Wasu buhunan sun yi fumfuna muka zubar. Amma mun kai ruwan fari da ranmu, kuma da Babanmu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Goggo ba ta taɓa zagin baƙin nan ba, alhali duk ƙauye ana zaginsu. Cewa take wanda ya dawo maka da tuwo ya fi wanda ya zubar a bayan gida bai faɗa maka ba. Ita so take ta san wane ƙwaro ne. Ta shiga mota zuwa Gusau, garin da sau ɗaya ta taɓa zuwa, ta yi ta tambaya har ta sami sito na masu tara kayan. Ta zauna a ƙofa har wani ma'aikaci ya saurare ta. Ta dawo da bayani: ƙwaron hatsi ne, a tsofaffin buhuna yake ɓuya, kuma shanya a ƙasa tana jawo yashi da danshi. Ta sayar da tinkiyarta ta sayi tamfol da sababbin buhuna, a lokacin da babu mai saye ko ɗaya. Mutane suka ce tsufa ya taɓa ta. Da ƙofar ta sake buɗewa bayan wasu shekaru, duk unguwarmu a kan tamfol take shanya, gero kuma ya koma mazauninsa a gandu.

Yanzu a Tudun Wada ta Gusau nake da aure, ina kula da matan da ke tsince zoɓo a wani sito da 'yan gari suka haɗa hannu da baƙi suka buɗe. Ba komai ne ya gyaru ba. Gonakinmu na bayan dutse wasu shekarun ba sa nomuwa saboda rashin tsaro, shi ya sa ma Goggo ta dawo wurina. Farashi kuma har gobe a can nesa ake yanke shi. Sai dai a da ɗanyen zoɓo muke turawa, wasu su gyara su sa sunansu. Bana an kawo injin tacewa, yaranmu ne ke sarrafa shi, a nan ake zubawa a kwali.

Da aka buga kwalayen farko na kawo mata ɗaya gida. Ba ta karanta boko ba, idonta ma ya yi rauni. Na kama yatsanta na ɗora a kan rubutun, na ce mata nan an rubuta Zamfara. Ta daɗe tana shafa wurin. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta miƙo mini kwalin ta ce, "To, yanzu sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Ku tsince da kyau."