Tsutsa a Gaba, Awara a Baya

Shekara ashirin da shida ina faci a bakin ƙauyenmu Pasirhuni, a gefen masallaci, inda 'yan acaba ke layi. Daga rumfata zuwa kwalta kilomita biyar ne na gangare, jar laka da duwatsu, ga ruwan gonakin shinkafa yana ratsa hanya rani da damina. Ba irin tayar da ba ta bi ta hannuna ba. Amma waɗanda suka sa mini furfura guda biyu ne, kuma duk a ƙarƙashin mutum ɗaya suke, Mang Oding, wato Kawu Oding a yarenmu.

Mang Oding shi ne babba a layin acaba. Siriri ne, in iska ta taso sai ka ji kamar ka riƙe masa riga. Tayarsa ta baya irin mai manyan haƙoran nan ce da muke kira awara, don kamar an yayyanka awara an jera mata a jiki. Wannan ba laifi, duk mai hankali a tudun nan ita yake sawa gaba da baya. Shi kuwa a gaba sai ya ɗaura tsutsa, 'yar siririyar tayar nan da samarin birni ke tsere da ita a kwalta, faɗinta bai kai yatsu uku ba. Kuma ni na ja wa kaina. Wani ɗan Bandung ne ya yar da ita a rumfata, ran da tayar Mang Oding ta fashe na ce ya lallaɓa da ita zuwa ranar kasuwa. Yau shekara goma sha tara ke nan ranar kasuwar ba ta zo ba. In ta cinye, mota yake hawa takanas har birni ya nemo wata irinta.

Na yi faɗa har na gaji. Na ce, "Mang, don Allah ka ji tsoron Allah. Wannan tana son kwalta, waccan tana son laka. Kai kana tsakiya kana raba faɗa."

Ya kurɓi kofinsa ya ce, "Tis, kai faci ka iya, ba ka san zaman duniya ba. Ta gaba ita ke fara shiga gari, dole ta yi shigar 'yan gari. Ta baya ita ce ƙarshen barin ƙauye, sai ta zauna a baƙauyiyarta."

"To in za ka dawo gida fa? Wa ke fara shiga laka?"

"Wannan tsakaninsu ne, ba na shiga."

Ka ga irin mutumin da nake fama da shi. Babur ɗin kansa bai taɓa tafiya a miƙe ba. Awara na turowa daga baya da ƙarfinta, tsutsa na sulalewa dama tana neman inda za ta gudu. Don haka Mang Oding ya koyi zama a karkace: rabin mazaunai a waje, kafaɗar hagu a ƙasa, ƙafar hagu tana sharar hanya. Takalminsa na hagu uku ke mutuwa kafin na dama ɗaya. Zaman ya bi jikinsa, har in ya sauka haka yake tafiya, liman ya gaji da gyara masa kafaɗa a sahu ya ƙyale shi. Amma gaskiya ɗaya ce, ko ina jin haushinsa zan faɗa: ya sauko da buhunan ganyen shayi, da awaki, da masu naƙuda, da kwandunan ƙwai, bai taɓa kayar da kowa ba. Sai mutum ɗaya tak, ita ce matarsa.

Matar tasa Bi Yoyoh, wato Gwaggo Yoyoh, mace ce mai jiki, mai murya, wadda duk ƙauyen ke ɗauko ta in ana girkin biki. Shekara tara da suka wuce suna dawowa daga ɗaurin aure, ta ci ado, suka iso Kwanar Gora inda ruwa ke tsallaka hanya. Tsutsa ta zame. Shi da babur suka tsira, ita kuwa ta tafi da baya cikin gonar Haji Sobur, agwagi suka watse. Faɗuwar ba ita ta ɓata mata rai ba. Abin da ya ɓata mata rai, da ta ɗago kai tana tofar da laka, sai ta hango mijinta a tsugune yana shafa tayar gaba, yana duba ko ta ji ciwo.

Nan a gaban manoma ta kira shi Kang, yadda matanmu ke kiran miji, shi kuma miji ya kira mata Nyi, ta ce, "Wallahi, Kang, ba zan sake hawa wannan abin ba sai ran da tayoyinsa suka zama iri ɗaya!"

Da mai wayo ne da ya yi shiru. Sai ya ce, "Ni ma wallahi ba zan canza ba, Nyi. Ke ce ba ki iya zama ba."

Shi ke nan, aka shuka. Ba ta hau nasa ba, kuma ba ta hau na kowa ba, don ta ce matar ɗan acaba ba ta hawa babur ɗin wani, kada a ɗauka mijinta ya mutu. Duk ranar kasuwa sai ta ɗaure kwandonta ta kama gangare a ƙafa. Shi kuma ya bi ta a baya a giya ta ɗaya, babu fasinja, yana ta magiya.

"Nyi, hau mana, rana ta yi."

"Sun zama iri ɗaya?"

"Ai dukkansu baƙaƙe ne."

"Wuce ka ba ni wuri, hayaƙinka na damuna."

'Yan layi kuwa me za su yi in ba tsiya ba. Da sun hango su sai a fara: "Mang, ga fasinja can ta tsere maka!" "Mang, yi mata ragi mana!" Yana dariya, amma ni da nake kusa da shi na san abin yana cin sa. Musamman shekara biyun nan da gwiwoyinta suka fara ciwo. Na sha ganinsa ya kashe babur a nesa, yana kallonta ta tsaya a tsakiyar hawa ta dafa gwiwa tana haki. Ran nan ya ce mini, "Tis, na ɗauki duk garin nan, har gawa na ɗauka. Ita kaɗai nake so in ɗauka." Na ce to ai ka san magani. Ya ce, "Na rantse fa." Na ji kamar in kwaɗa masa famfo.

Bana da bikin 'yancin kai ya matso, matan ƙauye suka ce Bi Yoyoh ce za ta yi mana tumpeng na gasar gunduma, wato dafaffiyar shinkafar biki da ake tulawa a yi mata tsini kamar dutse. Mu dai Pasirhuni ba mu taɓa ci ba, don kafin a sauko da shi daga tudun nan tsinin ya ruguje, tumpeng kuwa in ba tsini ai shinkafa ce kawai mai kurkum. Tsinin shi ne abin. Shi ake yankewa a miƙa wa wanda ya fi kowa girma a wurin, a gasar nan kuwa Pak Camat ne, wato shugaban gunduma. Bi Yoyoh ta ce da kanta za ta kai, a ƙafa, faifai a hannu. Kilomita biyar na gangare da uku na kwalta, da waɗannan gwiwoyi.

Ranar bikin da sassafe, ina buɗe rumfa sai ga Mang Oding yana turo babur, an rufe wani abu da ganyen ayaba a baya. Kullum da kejin kurciyarsa yake zuwa ya rataye a bakin rumfata, tana kuka yana lumshe ido kamar shi ya koya mata. Ran nan babu keji. Ya yaye ganyen, sai ga sababbin tayoyi biyu, iri ɗaya, har da ƙanshinsu.

"Sa mini. Kada ka ce komai."

"Ina kurciyar, Mang?"

"Ta tafi Garut aikatau. Na ce kada ka ce komai."

Ban ce ba. Amma tunda nake faci ban taɓa aiki da daɗin rai irin na ran nan ba. Na zare tsutsa na wurga ta kan rufi, na bi ta da awara, na ɗaura sababbi na ba su iska daidai. Na ja baya na kalli babur ɗin, kai ka ce yaro ne aka yi wa aski.

Kafin in gama wanke hannu gari ya cika. Yara da tutoci ja da fari, 'yan layi sun yi wa baburansu ado da ganyen kwakwa. Sai ga Bi Yoyoh ta fito daga lungu, mata na biye da ita, ta rungumo faifai. Tumpeng ɗin ya kai kamu biyu, rawaya shar, an kewaye shi da kaza da ƙwai da soyayyen tempe na waken suya, tsininsa an sa masa hular ganyen ayaba.

Tsakaninta da rumfata bai fi taku talatin ba, kuma fili ne. Mang Oding ya buga babur, ya gyara zama yadda ya saba: rabin mazaunai a waje, kafaɗa a ƙasa. Shekara goma sha tara yana karkata hagu babur na gardama yana ja dama, su haɗu a tsakiya. Yau kuwa babur ya zama mai biyayya. Ya karkata hagu, babur ya ce to, ya yi hagu, suka zarce kai tsaye cikin kududdufin kifin liman.

Wallahi ban so yin dariya ba, amma sai da na zauna a ƙasa. Aka fito da shi, ya matse riga ya ce hannunsa ne ya yi santsi. Ya sake hawa. Wannan karon ya zagaye sandar tuta sau biyu, ya watsa yara, ya dawo daidai inda ya tashi. Wani daga layi ya ce, "Mang, zauna a miƙe mana!" Ya ce, "A miƙe nake, ɗan banza!" Kuma har ransa haka ya ɗauka. A karo na uku ya koma wurin kifin liman.

Bai tashi ba. Ya zauna cikin ruwa iya ƙugu, ganye a ka, dariyar mutane ta yi ta raguwa har ta mutu. Ya ɗago ya kalli matarsa ya ce, "Nyi, na yi ƙoƙari."

Ta miƙa wa wata faifan, ta tako har bakin kududdufin. Ta kalli tayar gaba, ta kalli ta baya. Ta juyo ta kalli ƙusar da babu keji a bakin rumfata. Ta daɗe tana kallon ƙusar nan. Sannan ta kira ni da cikakken sunana, ta ce, "Entis."

"Na'am, Bi."

"Mayar masa da tsiyarsa."

"Bi, sababbi ne fa, yanzun nan na..."

"Ashe ba tayoyin ne a karkace ba, mutumin ne. Shi kuwa shekara talatin da huɗu ina zaune da shi a haka. Hau rufi ka ɗauko, shinkafata na hucewa."

Haka na hau rufi da girmana, na sauko da abokan gabana biyu, na mayar da su da hannuna ina ƙunƙuni. Mang Oding ya hau a jiƙe. Bi Yoyoh ta tattare zani ta zauna a baya, awara ta yi ƙasa ta karɓi nauyi, aka ɗora mata faifai a cinya. Wani mara kunya ya ce, "Kai jama'a, ashe a gida ya kwaikwayo! Siriri a gaba, mai jiki a baya!" Ta ce in ta dawo zai maimaita.

Muka bi su a baya, babur goma sha wani abu, kowa ransa a hannu. A Kwanar Gora tsutsa ta yi halinta, ta zame dama. Ya sauke kafaɗa, ƙafarsa ta shari laka, na ga Bi Yoyoh ta rufe ido ta karkata tare da shi. Suka wuce. Tun daga nan ba ta sake miƙewa ba, yadda ya kwanta haka ta kwanta, har ƙofar ofishin gunduma.

Tsinin bai karye ba, karo na farko a tarihin Pasirhuni. Sai dai da aka ajiye faifan a tebur cikin sauran, kowane tumpeng yana kallon sama, namu yana kallon hagu. Kilomita takwas a karkace, shinkafa da ɗuminta, ta koyi zaman gidan. Alƙalai suka zagaye shi suna leƙe, ɗaya har ya karkata kai don ya gan shi daidai. Ba mu zo ko na goma ba. Aka yanka tsinin wani ƙauye aka ba Pak Camat, aka yi tafi.

Bi Yoyoh ta ɗauko faifanta ta fito ƙarƙashin bishiya inda muka jera babura. Ta ce, "Shi ya karya rantsuwa, ni ma na karya. Miskinai goma nasa, goma nawa. Wa ya fi ku tsiya a gundumar nan? Ku wanke hannu." Ba wanda ya yi gardama, ni har sau biyu aka lissafa da ni. Amma kafin kowa ya taɓa, ta cire hular ganyen, ta yanke karkataccen tsinin nan a kan ɗan ganye, ta riƙe da hannu biyu yadda ake miƙa wa manya, ta miƙa wa Mang Oding. Ga shi nan tsaye da takalmi ɗaya, wando na ɗigar ruwan kifi. Ya karɓa da hannu biyu. Ni ma abin ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba.

Sababbin tayoyin na mayar da kaina wa mutumin Garut ɗin da ya ba shi su a madadin kurciyar, na karɓo ta, ta dawo tana damuna da kuka a bakin rumfa. Tsutsa da awara suna nan, kuma har gobe in mutum ya zo mini da irin wannan haɗi sai na kore shi. Duk ranar kasuwa suna wucewa ta gabana, shi a gaba ita a baya, tana yi masa faɗa a kan gudu. Jiya na hango ta za ta ɗebo ruwa, ita kaɗai, ba babur ba komai. Kafaɗarta ta hagu ta fara sauka.