Mai Farin Takalmi a Bakin Kanal

Isiyaku bai san sunan baƙon ba, ba ya kuma son sani. Ga shi nan dai a barandar ofishin ƙungiyar manoman rani a Bunkure, kwamfuta a cinya, farin takalminsa ko ɗigon taɓo babu. Siriri ne, gemu a gyare tsaf, yana magana yana kaɗa ƙafa, idonsa ba ya sauka a fuskar kowa.

Shi aka turo ya haɗa wayoyin manoma da na'urar nan mai ƙwaƙwalwa da ke tsara rabon ruwa yanzu. Wai ka tura mata saƙo, ita ta duba, ta sa a buɗe maka ƙofar ruwa. Amma fa sai da lambar sirri.

"Don tsaro ne, Baba," in ji shi. "Na waje ba sa shiga kai tsaye su ba ta umarni."

"Su wa ke nan na waje?" in ji Isiyaku.

"Ku mana. A wurin na'urar, duk mai turo saƙo na waje ne."

Isiyaku yana kallonsa. Ƙila a birni ma haka yake, gida mai doguwar katanga, bai san sunan maƙwabcinsa ba. Ga tumatir ɗin Isiyaku can a gona yana yaushi, ga wanda ya sauka daga mota da hantsi yana tantance 'yan gida.

Baƙon ya buɗe gorar ruwansa, ya kurɓa, ya rufe. Bai ce wa kowa bismillah ba.