Tocilar Auta

A layin masu kayan lantarki babu mai kiransa da sunansa na yanka. Kar-a-Yar ake ce masa. Shekara talatin ke nan yana zaune a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene da teburinsa mai ɗingishi, kuma duk abin da aka kawo masa, rediyo ne ko tocila ko dutsen guga, kafin mai kayan ya gama bayani shi ya riga ya ce kar a yar, zai gyaru. Yawanci kuwa yakan gyaru. Yana da taurin kai irin na masu aikin hannu: in abu ya ƙi aiki, a wurinsa waya ce ta tsinke a wani wuri, sai dai a ce ba a gano wurin ba tukuna. Matarsa takan ce da ana kwance mutum da sukundireba, da tuni ya kwance ta ya nemo abin da ke sa ta mita.

'Ya'yansu huɗu duk sun girma sun kama gabansu, sannan bayan an fid da rai Allah ya kawo musu Auta. Furfura ta riga ta cika masa gemu, amma in ka gan shi yana rarrafe a tsakar ɗaki yarinya na bayansa tana kora shi, sai ka rantse bai taɓa haihuwa ba.

Tana shekara huɗu uwar ta lura da abin. Da rana ta faɗi sai Auta ta riƙa bin bango da hannu. Akwai wani siririn lungu tsakanin ɗakinsu da banɗaki, ko da tsakar rana duhu ne, yarinyar ta ƙi shigarsa ita kaɗai. Maƙwabciya ta ce dundumi ne, a ba ta hanta. Aka yi ta ba ta hanta har ta kai in ta ji ƙanshinta sai ta ɓuya a bayan ƙofa. Daga ƙarshe dai suka kai ta asibitin ido.

Likitar ta ɗiga mata magani, ta daɗe tana leƙa idon da wata 'yar fitila. Kar-a-Yar yana gefe, har ya lura murfin fitilar ya saki, yana so ya ce ta kawo ya ɗaure mata. Da ta gama ta zaunar da su ta yi musu bayani ba ɓoye-ɓoye. Ciwon can bayan ido yake, da shi aka haifi yarinyar, zai riƙa cin ganinta a hankali daga gefe zuwa tsakiya. Tabarau ba zai yi ba, aiki ba zai yi ba, magani babu. Uwar ta sa gefen mayafi ta rufe baki.

"Likita, to a ina ne ya tsinke?" in ji shi.

"Baba, babu abin da ya tsinke. Ƙarewa yake yi."

Ta ƙara da cewa a samo mata tocila saboda wurare masu duhu, kada ta riƙa faɗuwa. A duk maganar da aka yi ranar, wannan kaɗai ya ɗauko ya zo da ita gida, domin ita ce kaɗai ta faɗo cikin abin da ya iya.

Washegari ko teburinsa bai buɗe ba, ya wuce wajen maƙwabcinsa mai shagon fitilu, wanda suka yi shekara ashirin suna tsokanar juna. Ya sa aka sauko da duk wata tocila da ke kan kanta. Masu siffar kyanwa da agwagwa, waɗanda yara ke kuka a kansu, da su ya fara turewa gefe: batirinsu ƙanana ne kamar maɓallin riga, murfin kuma da farce ake ɓalle shi, yaro kuwa komai ya samu baki yake kaiwa. Mai fuskar gilashi ya ce a'a. Mai doguwar igiya ya ce za ta naɗe wuya. Masu caji na araha ya san cikinsu fiye da masu ƙera su, ya sha ganin batirinsu ya kumbura kamar an hura masa iska. Wata baƙa mai tsananin haske da mai shagon ke ta yabo, ya kunna ta sau ɗaya ya kashe, ya ce yaro zai haska wa kansa ido, shi kuwa ɗan ganin da ya rage wa Auta yake so ya tattala.

Waɗanda suka tsira ya bi su da gwajinsa. Sai ya tsuguna, ya riƙe tocila daidai ƙirjin yarinya 'yar shekara huɗu, ya sake ta a kan siminti, sau uku. Ya bar ta a kunne cikin tafin hannu ya ji ko za ta yi zafi. Ya gartsa mata haƙori. Mai shagon ya tambaye shi wai tocila ya zo saye ko mijin Auta ya zo zaɓa, ya ce ai mijin ma haka zai yi masa in lokaci ya yi.

Rana ta take kafin ya tsayar da ɗaya: ruwan ɗorawa, jikinta lulluɓe da roba mai kauri, batir biyu irin na kowa, murfin da noti ake ɗaure shi, makunninta kuma mai faɗi yadda ɗan yatsa zai iya dannawa. Haskenta mai sanyi ne. Ya juya ta a hannu ya ce wannan har 'ya'yan Auta sai sun gaje ta. Bai yi ƙarya ba kuwa, tocilar ta yi ƙarko fiye da yadda kowa ya so.

Auta ta ɗauke ta kamar 'yar tsana. Ta goya ta, ta yi mata wanka a bokiti, ta jefo ta daga kan gado ba sau ɗaya ba. Lungun banɗaki ya zama wurin wasa. Wata shida gidan ya yi daɗi, shi kuma yana tafiya aiki ƙafarsa ba nauyi, har yana gaya wa abokan sana'a cewa likitoci ma wani lokaci sukan faɗi abin da ba su sani ba.

Sai wata rana ta kawo masa ita ta ce, "Baba, ta rage haske."

Ya canza batir. Bayan sati biyu ta dawo da magana ɗaya. Ya kwance noti, ya goge sifirin da ke tokare batir da sanfefa, ya sake ɗora dalma a inda babu abin da ya samu dalmar farko. Ta sake dawowa, ya canza ƙwan tocilar. Duk lokacin da ya miƙa mata sai ya ji sanyi a ransa, don ya yi wani abu. Uwar tana kallo, sai da abin ya kai sau biyar ta ce masa a hankali, Malam, ba tocilar ba ce. Ya hau ta da faɗa irin wanda bai taɓa yi mata ba, wai me ta sani game da tocila, ita da ko batir ba ta iya sa shi daidai ba. Ta bar shi, don ta san ba da ita yake ba.

Ya kwashi fushinsa ya kai wa mai shagon, ya ce ya sayar masa da jabu. Mai shagon bai yi musu ba. Ya ja shi cikin sito, ya tura ƙofa, ya danna makunni. Haske ya cika ɗakin har ana karanta rubutun jikin kwalaye na can ƙurya.

"Kar-a-Yar, tocilarka lafiyarta ƙalau," in ji mai shagon, ya kashe ta ya sa masa a hannu.

Ranar bai koma teburinsa da wuri ba. Da ya koma, sai ya karya dokar da shi ya kafa: ya nemo ƙwai mai tsananin haske, irin na baƙar tocilar da ya ƙi, ya dasa a cikin ta Auta. Ya san abin da yake yi, kunya da tsoro suka kama shi. Ƙwan ya saya musu wata biyu.

Yanzu Auta na da shekara shida. Ta san gidan da ƙafa da hannu, ta daina cin karo da kujera, baƙo ma ba zai gane da wuri ba. Rannan ya dawo cin abincin rana, ta lalubo gwiwarsa ta ɗora masa tocilar, ba ta ma faɗi abin da ke damunta ba. Ya zauna a tabarma ya kwance ta ɗaya bayan ɗaya. Ya gwada kowace waya da mitar auna wuta. Babu abin da ya samu, ya kuma san ba zai samu ba, hannunsa ne kawai ke aiki, zuciyarsa tana wani wuri. Ya mayar da murfi, ya ɗaure noti, ya sa mata a hannu ya ce ya gyara.

Ta tafi bakin lungun, ta miƙa tocilar gabanta, ya ji ƙarar makunni.

"Yawwa, Baba. Ta gyaru."

Ta shige ciki, hannu ɗaya a bango. Ya juyo zai tattara kayansa, sai ga batir biyu a kan tabarma kusa da sukundireba. Shekara talatin bai taɓa rufe abu ya bar batirinsa a waje ba. Ko yarinyar ba ta ƙara bambance kunne da kashe ba ne, ko kuwa tausayinsa ta ji, bai sani ba, kuma ba shi da ƙarfin tambaya. Uwar tana tsaye da kwanon abinci, ita ma ta gan su.

Daga cikin lungun Auta ta kira, "Mama, zo ki ga yadda Baba ya gyara ta."

Uwar ta ajiye kwanon ta tafi. Shi kuma ya ɗauke batirin ya sa a aljihu, kada yarinyar ta taka su in ta fito.